Ranar da Inna Ta Wanke Batir

Ran Juma'ar da Lurwanu zai yi karatun Alƙur'ani a rediyo, yayansa Mukhtaru mai tsire bai ko tsaya addu'ar bayan sallar asuba ba. Yana sallamewa ya zari takalmansa, ya bi lungunan unguwar Jarwal ta Makka da sassarfa, ya faɗa gida, ya yaye ƙyallen da ke rufe da akwatin rediyonsa, ya murɗa maɓalli don ya gwada.

Shiru. Ko ɗan shuuu ɗin nan da akwatin ke fara yi bai ji ba.

Ya kashe, ya sake murɗawa. Shiru dai.

A duk unguwar ba mai rediyo sai shi. Wajen wani alhaji Bamisre ya samo shi, akwatin katako mai ƙyalli, cikinsa ƙwayayen gilashi guda huɗu a tsaye kamar ƙananan kwalaben turare. Batir biyu yake ci. Akwai busasshe, ƙato kamar tubali, wanda kan yi watanni. Akwai kuma mai ruwa, a cikin kwalbar gilashi mai kusurwa huɗu, shi ne ke ɗumama ƙwayayen, kuma in ya yi sanyi sai an kai shi wurin wani baƙo Babuhare mai injin ba da wuta ya kwana ya wuni yana shan wuta. Shekaranjiya Mukhtaru ya karɓo shi cike fal, ya rungumo shi kamar jariri, saboda wannan rana.

Ranar kuwa ba ta da ta biyu. Lurwanu limami ne a wani ɗan masallaci kusa da tashar jiragen ruwa a Jidda. Mai karatun sabon gidan rediyon can ne mura ta toshe wa murya, wani ya ce ai ga wani Bahaushe can mai murya kamar zuma, aka ce ya zo yau da hantsi. Sau ɗaya. Abin da ya fita a iska ya fita ke nan. Mahaifiyarsu, Inna Ummulkhairi, ƙafafunta sun riƙe, ta yi shekaru ba ta taka ƙofar gida ba, kuma Mukhtaru ya dafa ƙirji a gabanta ya ce ko duk Makka ba a ji ba, ita za ta ji. Ita kuma ta aika wa matan unguwa kaf. Tun jiya matarsa Ruƙayyatu ke suyar alkaki.

Ya duba wayar eriya da ta hau soro, lafiya lau. Ya duba wayar ƙasa da ya ɗaure a ƙusa ya kafa a wurin alwala don ta riƙa samun danshi, tana nan. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, sai idonsa ya faɗa kan kwalbar batir.

Tunda ya saye ta bai taɓa ganin ta da tsabta haka ba. Gilashi sai walƙiya. Baƙar lakar da ke kwanciya a gindinta babu ita. Ya kai hanci, warin tsamin nan ma babu.

"Ruƙayya!" ya ɗaga murya. "Wa ya taɓa batirin nan?"

Ruƙayyatu ta leƙo da matsami a hannu, ta kalli labulen ɗakin Inna.

"Ni ce," in ji Inna daga kan gadonta, cikin jin daɗi. "Ka bar godiyar sai an gama."

Ya ɗaga labulen a hankali. Tana zaune ta riga ta sa kwalli, ta ɗaura sabon kallabi. Ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, Babba take ce masa.

"Inna, me kika yi masa?"

"Abin da ya kamata ka yi tun tuni, Babba. Jiya kana wurin tsire na sa yarinyar nan ta turo mini shi. Na leƙa, wa'iyazubillahi! Ruwa ya yi dauɗa, ga wari, ga laka. Na ce yanzu ta cikin wannan ƙazantar Alƙur'ani zai biyo? Ruwan da ko alwala ba ta halatta da shi? Da na tuttular da shi a rariya har kumfa ya yi yana huci. Dubi." Ta ɗago tsohon zanenta daga gefen gado, duk ya huhhuje kamar gara ta ci. "Ɗan fallatsi kaɗai ke nan. Ruwan da ke cin zane shi za ka tari karatun ƙanenka da shi?"

"Sai kika zuba me?"

"Na ɗauraye shi tas, na cika shi da Zamzam. Har wuya."

Mukhtaru ya juya ya dubi matarsa.

"Wallahi na ce mata a jira ka," in ji Ruƙayyatu. "Ta ce in kama bakina, mamaki za ta ba ka."

"Ta kuwa ba ni."

Ya zauna a bakin gadon, ya dafe kai. Ya yi mata bayani da murya ƙasa-ƙasa: murya ba ta cikin ruwan take bi ba, ta iska take zuwa ta sauka a wayar soro. Wancan ruwa mai tsami shi ke riƙe wutar da ke ɗumama ƙwayayen gilashin. Zamzam na ɗan Adam ne, ba na dalmar da ke cikin batir ba. Yanzu ko da gudu aka kai wa Babuharen, sai gobe war haka.

Murmushin Inna ya tafi a hankali. Ta dubi zanen da ke hannunta, ta ninke shi, ta sake ninkewa.

"To ba zan ji shi ba ke nan," ta ce. Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu ta fara kwance sabon kallabin.

"Ki bar kallabin nan a kanki, Inna," in ji Mukhtaru, ya miƙe ya fice.

A lungu ya tsaya, bai san gabas zai yi ko yamma ba. Attajiri Bahadarmen da ke da rediyo a bakin kasuwa ya tafi Ɗa'if shan iska, ya tafi da abinsa. Akwai ɗaya a wani gidan gahawa can unguwar Zahir, amma nisa, ga shi matattarar maza masu shisha. Rana ta fara leƙowa ta kan duwatsu. Sai ya ji ƙahon mota daga bakin unguwa, wani irin kuka kamar na jaki mai mura. Duk Jarwal an san wannan ƙahon.

Ya zura da gudu.

Sabo direba na tsaye a kan tsohuwar lorinsa, yana miƙo wa 'yan kasuwa kankana. Ɗan ƙanen Inna ne, taubashin Mukhtaru, a Sudan ya girma kafin iyayensa su ƙetaro, kuma tsakaninsa da Mukhtaru ba gaisuwa sai tsiya.

"Ya zol, mai hayaƙi!" in ji Sabo, da kira irin na mutanen Sudan. "Wa ya mutu kake gudu ba hula?"

"Batir."

Da ya ji labarin sai ya saki kankanar da ke hannunsa, ta fashe a ƙasa. Ya riƙe ciki, ya zauna a kan kaya yana dariya har da hawaye.

"Gwaggo ta musuluntar da batir! Wayyo cikina! Ka duba da kyau, kada gobe ta ce a yi masa kaciya."

"Ka gama? Ba ni batirin motarka."

Dariyar ta tsaya cak. "Na motata? Kai, ƙarfinsa ya ninka naka. Zai soya ƙwayayen nan naka kamar yadda kake soya hantar mutane."

"Ɗaki uku ne a cikinsa, ko ba haka ba? Nawa ɗaki ɗaya ne. Ɗaya zan ara, sauran biyun ka riƙe kayanka."

Sabo ya sosa ƙeya, ya diro. Batirin na cikin wani akwatin ƙarfe a gefen matakalar direba. Suka buɗe. Iskar tekun Jidda ta riga ta yi aikinta, kusoshin da suka riƙe shi sun yi tsatsa sun zama abu ɗaya da ƙarfen. Sabo ya sa sifana ya danna da ƙarfinsa duka, sifanar ta kuɓuce, ya ɓare gaɓar yatsa, ya yi ashar da Larabcin Sudan.

"Ba ya fita, ya shehi. Ko babana ya dawo duniya ba ya fitar da shi."

Mukhtaru ya dubi lungun gidansu, wanda jaki mai kaya ma sai ya karkace yake shiga. Ya dubi lorin.

"To rediyon zai zo nan."

"Gwaggo fa?"

"Ita ma."

Dawuda maƙwabcinsu ne, shi da 'yan'uwansa sana'arsu ke nan, ɗaukar tsofaffin alhazai a kan shibriyya, wato ɗan gadon katako da ake saɓawa a kafaɗa a yi wa wanda ba ya iya tafiya ɗawafi. Mukhtaru ya buga musu ƙofa, kafin ya gama magana sun ɗauko gadon.

Inna na ganin sun shigo da shi ta ja da baya ta manne da bango.

"La ilaha illallahu! Da raina za ku fitar da ni a makara?"

"Haba Hajiya," in ji Dawuda. "A kan wannan na ɗauki matar wani basha, babban mai sarauta, daga Istanbul. Ta fi ki nauyi sau uku, ga surutu."

"To ni ba matar basha ba ce. Mutane su taru suna kallona a titi?"

Mukhtaru ya durƙusa a gabanta. "Inna, rana na hawa. In an fara ba a jiran kowa. Ko ki hau, ko gobe matan unguwa su ba ki labarin abin da su ma ba su ji ba."

Ta dubi gadon. Sannan ta ce, "Ruƙayya, miƙo mini mayafina mai zare. Ba wannan ba, na cikin adaka. Da turare."

Jarwal ba ta taɓa ganin jerin gwano irin na wannan safiya ba. Mukhtaru a gaba rungume da akwatin rediyo, yana ihun a ba shi hanya. Bayansa wani tela ɗauke da busasshen batir a ka. Sai Inna a sama, kan kafaɗun maza huɗu, ta ƙanƙame katako tana faɗa musu su bi a hankali su ba raƙuma ba ne. Sai Ruƙayyatu da naɗin wayar eriya da ta hau soro ta kwanto. Bayansu matan unguwa da farantan alkaki da butocin gahawa, kowace na tambayar ta gabanta ina za a.

A bakin unguwa aka ɗora rediyon kan matakalar lori. Sabo ya hau saman kaya ya ɗaure bakin eriya a ƙarfen mota, ya wurga ɗaya bakin ga wani Bayamane da ya leƙo ta tagar bene yana tambayar ko gobara ce, ya ce masa ya naɗe a katakon tagar. Aka kafa ƙusa a ƙasa, wani mai sayar da ruwa ya tuttula mata rabin garwa. Aka sauke Inna daf da akwatin, a inuwar mota.

Mukhtaru ya tsuguna gaban batirin. Sandunan dalma ne a samansa, masu kauri, suna haɗa ɗaki da ɗaki, duk farin gishiri ya rufe su. Ya zaro wuƙar tsirensa ya kankare wurare biyu a ɗakin farko har suka yi haske. Ya gwada maƙala wayoyin, sai ya ga 'yan maƙalan rediyon sun yi ƙanana, ba za su ciji dalmar ba. Zare ba zai riƙe ba. Ba lokacin neman dabara.

Da hannu zai riƙe.

Tsakanin inda zai danna da sandar ɗaki na biyu bai fi faɗin yatsu biyu ba. Bara ya taɓa kuskuren haɗa waya, ƙwai ɗaya ya yi wal ya mutu, sai da ya jira alhazan Misira suka zo da wani. Yau in hannunsa ya zame, huɗun ne za su tafi tare, a gaban Inna.

"Sabo, kada ka jijjiga motar nan. Ko tari kada ka yi."

"Ni da motata?"

"Ruƙayya, zo ki murɗa."

Ta zaro ido. Tunda aka kawo akwatin nan gidan bai taɓa bari ko ƙura ta share masa ba. "Ni?"

"Hannu biyu Allah ya ba ni. Maɓallin hagu ki kunna. Na dama ki juya, sannu-sannu."

Ya yi bisimilla, ya danna wayoyin biyu. Ta murɗa.

Shuuu.

"Ya tashi!" in ji Sabo daga sama. Mata suka ɗauki guɗa.

"Juya, juya. A hankali!"

Akwatin ya yi fito, ya yi gurnani, sai ga muryar wata mace tana rera waƙa da goge daga Alƙahira. Malam Rabe, limamin lungu, wanda ya matso da sandarsa don ya ga abin da ya tara jama'a, ya ja da baya yana a'uziyya.

"Wuce ta, Ruƙayya, wuce ta! Koma baya kaɗan. Kaɗan na ce! Tsaya!"

Muryar namiji ce, da Larabci mai nauyi, kuma a daidai ƙarshen zancensa suka same shi: yanzu za a saurari karatu daga bakin Shehu Ridwan bin Tijjani.

"Wane Ridwan kuma?" in ji Inna. "Lurwanu ne! Ni na haife shi!"

"Shhh, Gwaggo!"

Aka ji gyaran murya, ƙarami, irin wanda duk gidan suka sani. Sannan Lurwanu ya fara.

Muryar ta fito siririya da farko, kamar daga cikin rijiya, sai ta cika ta buɗe. 'Yan kasuwa suka ajiye kankana. Mai ruwa ya sauke garwarsa. Bayamanen bene ya kira iyalinsa bakin taga. Inna ta matso har kunnenta na taɓa ƙyallen da ke gaban akwatin, leɓunanta na bin kowace aya, ta ɗora tafin hannunta a kan katakon kamar mai dafa kan yaro.

Mukhtaru bai ga komai daga wannan ba sai ta gefen ido. Idonsa na kan dalma. Rana ta zagayo ta same shi a ƙeya. Gumi ya gangaro ya shiga idonsa, ba halin sharewa. Gishirin batir ya fara cin 'yan yatsunsa kamar barkono. Wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya yi zamansa. Ya hura masa iska, ƙudan ya tashi ya dawo.

Suratus Sajda Lurwanu ke karantawa, kuma sai da ya kusa kaiwa mutane suka farga. Ya karanta ayar sujada.

Aka kalli juna. Aka kalli Malam Rabe.

"To," in ji Malam Rabe, yana shafa gemu, "mai karatun dai ba ya nan. Akwati kuwa ba ya limanci. A wannan mas'ala, malamai..."

Inna ba ta jira malamai ba. Ta dafa kafaɗar Dawuda, ta zame daga kan shibriyya, ta juya wajen Harami, ta kai goshinta ƙasan titi. Ruƙayyatu ta bi ta. Matan suka bi. Dawuda da 'yan'uwansa, tela, mai ruwa, 'yan kasuwa. Malam Rabe ya duba hagu ya duba dama, ya jingine sandarsa a tayar mota, shi ma ya faɗi. Can sama Sabo ya samu wuri tsakanin kankana.

Duk titin ba wanda kansa ke sama sai Mukhtaru.

Kuma a daidai nan muryar ta ɗauke.

Hannunsa ne ya zame? Ƙwayayen ne suka ƙone? Yatsunsa sun mutu, ba ya ma jin inda suke. Zuciyarsa ta ce ya ɗaga wayar ya sake dannawa, ya matsar da ita gaba kaɗan inda dalmar ta fi kauri. Sai ya rufe ido ya kasa kunne, ya ji ɗan shuuu ɗin nan yana nan, siriri, bai mutu ba.

Akwatin na da rai. Lurwanu ne ya yi shiru. Can a Jidda, a gaban abin maganar, shi ma goshinsa na ƙasa.

Mukhtaru ya cije leɓe, ya danne wayoyin inda suke.

"Allahu akbar," in ji akwatin, karatu ya ci gaba. Mutane suka ɗago da ƙura a goshi, wasu na dariya, wasu na share ido. Inna ba ta koma kan gadon ba. A ƙasa ta zauna, jingine da tayar lori, har Lurwanu ya kai ƙarshen sura ya rufe, mai sanarwa ya dawo da Larabcinsa.

Guɗa ta tashi har tantabarun bene suka watse. Ana ta yi wa Inna barka kamar ranar suna. Alkaki ya fara zagayawa, Sabo ya ce kankanar da ta fashe da 'yan'uwanta biyu sadaka ce.

"Babba," in ji Inna. "Saki mana, an gama."

"Na kasa, Inna."

Da gaske yake. Sai da Sabo ya diro ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, Ruƙayyatu na zuba musu ruwa. Sun yi ja, fatar bakinsu ta tashi. Inna ta kama hannayen ta jujjuya, ta hura musu iska kamar yadda ake yi wa yaro.

"Kin ji shi dai?" ya tambaye ta.

"Na ji har inda yake jan numfashi. A aya ta uku ya yi sauri, tsoro ne, na san shi. Daga nan ya nutsu." Ta sake duban hannayen, ta sake su. "Amma kai kaɗai ne ba ka yi sujada ba. Duk Jarwal ta yi."

"Inna, da na yi ai da..."

"Ban tambaye ka ba. Ga ƙasa nan."

Ya yi ta shi kaɗai a tsakiyar titi, jama'a sun kewaye shi suna cin kankana, Sabo na cewa a matsa a ba Shehun masu tsire wuri.

Da ya ɗago, Dawuda da 'yan'uwansa sun riga sun mai da Inna kan shibriyya sun saɓa. Suka juya za su shiga lungu.

"Ina za ku kai ni?" in ji ta.

"Gida, Hajiya."

Ta ɗaga kai ta dubi titin, da shaguna, da benayen da aka gina ba ta sani ba, da mutanen da suka fara gangarawa da dardumai a kafaɗa.

"Wane gida? Yau Juma'a. Tunda kun riga kun fito da ni kowa ya gan ni, ku juya. Harami za ni. Ruƙayya, taho da takalmana, ko ban taka ba a gan ni da su."

Dawuda ya dubi Mukhtaru. Mukhtaru ya ɗaga kumburarrun hannayensa, alamar shi ba ruwansa. Gadon ya juya ya bi gangare, matan unguwa a bayansa, Inna na faɗa wa duk wanda suka wuce cewa wanda ya yi karatu ɗazu ɗanta ne.

"To ɗauki akwatinka daga matakalata," in ji Sabo. "Ina da kaya."

"Da wane hannun? Kai za ka ɗauka. Kuma a hankali, ƙwayayen na da zafi."